Mahaifinmu yana jinya mai tsanani: shin rashin kunya ne mu yi masa maganar wasiyya?

Tambaya: Mahaifinmu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarunsa 64, kuma ya kusa shekara ana yi masa wankin ƙoda, jikin kuwa kullum baya yake yi. Matansa biyu, mu 'ya'yansa bakwai ne a raye, maza 3 mata 4, kakarmu da ta haife shi tana nan da ranta, sannan akwai yara biyu na yayanmu da ya rasu shekarun baya. Ina son a yi masa maganar wasiyya da basussuka, amma duk wanda na tuntuɓa a gida sai ya ce fatan mutuwa nake yi masa. Mene ne daidai, kuma me ya kamata mu shirya?

Amsa: Malama, Allah Ya ba Alhaji lafiya, Ya sa wannan jinya ta zama kankarar zunubi, ku kuma Ya ba ku ladan ɗawainiya. Na daɗe ina aikin lauya a kotunan Shari'ar Musulunci, kuma mafi yawan abin da ke zuwa hannuna maganar gado ce, saboda haka zan ba ki amsa daga abin da na karanta da abin da na gani a gaban alƙalai.

Abin da kike so a yi ba fatan mutuwa ba ne, umarni ne da ya zo daga bakin Manzon Allah (SAW). A hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Malik da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an ce bai kamata Musulmin da ke da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba, face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Ki lura hadisin bai ambaci maras lafiya ba, da mai lafiya ma yake magana. Mu ne muka mayar da rubuta wasiyya alamar cewa mutum ya yanke ƙauna, har ta kai ana jin nauyin furta kalmar a gaban dattijo, alhali kunya da kara ba su taɓa ƙara wa kowa kwana ɗaya ba. Na sha ganin iyalin da suka yi wa mahaifinsu kara na wata shida, sannan suka yi shekara biyar suna tona wa juna asiri a kotu.

Kafin mu je ga yadda za a tunkare shi, akwai abin da nake son ki fahimta, domin shi ne ginshiƙin amsar. Rabon gado kansa ba kasafai yake kawo rigima ba. Allah Ya riga Ya yanke kason kowa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma duk malamin da ya san fannin zai fitar da lissafin gidanku cikin minti goma. Abin da ke raba zumunci shi ne tambayar da ke zuwa kafin rabo: mene ne na mamacin, mene ne ba nasa ba? Shagon da babban ɗa yake zama, na uba ne ko haɗin gwiwa ne? Gidan da uwargida take ciki, an ba ta kyauta ne ko zama kawai take yi? Kuɗin da amarya ta sayar da gwal ɗinta ta ba shi lokacin da kasuwa ta tsaya, rance ne ko gudummawa? Mutum ɗaya ne a duniya yake da cikakkiyar amsar waɗannan tambayoyi, shi ne wanda yake kwance yanzu, kuma ranar da ya rufe ido amsar ta tafi tare da shi, sai a bar alƙali da shaidu masu mantuwa da rantsuwar da ake yi zuciya na tafasa.

Na taɓa riƙe wata shari'a da ɗa ya gina bene a kan gidan mahaifinsa da kuɗinsa, da izinin uban, kowa a unguwa ya sani, amma babu ko layi ɗaya a rubuce. Bayan rasuwar uban sai 'yan ɗaki ɗaya suka ce gida dai na Baba ne tun daga tushe har rufi. An daɗe ana kai-kawo kafin a yi sulhu, kuma har yau ɓangarorin biyu ba sa zuwa sunan juna. Da uban ya kira mutum biyu ya faɗi magana ɗaya, da ba a kai ga haka ba.

Saboda haka abu na farko da za a nema wajen Alhaji shi ne bayanin bashi da amana, tun kafin maganar wa za a ba me. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, balle ɗan Kwari da harkarsa duka a kan amana take tafiya: ana ba shi kaya daga baya ya biya, shi ma yana bayarwa ƙauye a kawo kuɗi bayan an sayar, wasu kuma suna ajiye kuɗi a wurinsa ba tare da ko rasit ba. A rubuta wanda yake binsa da wanda shi yake bi, da adadin, da lambar wayar mutumin, da inda littafin shago yake. A tambaye shi ajiyar mutane da ke hannunsa, da kuɗin marayu idan akwai, da zakkar da ta wajaba bai fitar ba, da ragowar sadaki idan akwai matar da bai cika wa ba. Nauyin wannan ba ƙarami ba ne: Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, kuma a Bukhari an kawo gawar wani mutum, Annabi (SAW) ya ƙi yi masa salla saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Idan aka faɗa wa mai tsoron Allah wannan a cikin ladabi, shi da kansa zai ce a kawo takarda. Wani abin lura a mazhabar Malik shi ne, idan maras lafiya ya yi iƙirarin cewa ɗaya daga cikin magadansa yana binsa bashi, ana duba ko akwai tuhumar son fifita shi. Don haka in amarya ko wani ɗa yana bin Alhaji kuɗi da gaske, a yi maganar a gaban sauran magada, a kawo duk wata shaida da ke akwai, ko da saƙon banki ne na tura kuɗin.

Sai maganar kyauta, wadda ita ce ta fi yawan kai mutane ƙasa. Kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye, yana da lafiya. Idan uba ya ce ya ba 'yarsa fili, amma takarda tana akwatinsa, shi ne yake karɓar kuɗin haya, har ya rasu ba a miƙa mata ba, filin ya koma cikin gado. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa kyautar da ya yi masa, amma ban da gidan da shi uban yake zaune a ciki. Kyautar da aka yi a cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma ba ta zuwa ga magaji sai da yardar sauran. Ko ciwon Alhaji ya kai wannan matsayi, abu ne da alƙali zai yanke da taimakon bayanin likita in an yi jayayya, shi ya sa nake ba ku shawara ku ɗauka ya kai, kada wani ya lallaɓa asibiti da takarda a sa masa hannu a kan gida ko shago. Irin wannan takarda ba ta tsira a kotu, kuma tabon da take bari a zukata ya fi ƙarfin gidan. Abin da ya dace shi ne Alhaji ya tabbatar da kyaututtukan da ya riga ya yi tun yana lafiya, waɗanda aka karɓa, ya faɗe su a gaban shaidu domin kada a musa daga baya.

Wasiyya ita kanta iyakokinta biyu ne. Ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan an biya bashi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya kwanta ciwo a Makka, ya ce masa sulusi, sulusin ma da yawa, domin barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Na biyu kuma babu wasiyya ga wanda zai ci gado. A nan ne maganar 'ya'yan marigayi yayanku take shigowa, kuma ina roƙon ki ba ta muhimmanci fiye da komai bayan bashi. Waɗannan yara ba za su gaji kakansu ba, domin baffanninsu maza suna raye sun shamakance su. Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta a fitar wa irin waɗannan jikoki wani kaso daga sulusi ko kakan bai yi wasiyya ba, amma kotunanmu ba sa aiki da wannan, a wurinmu in kaka bai furta ba, sai dai abin da magada suka ga dama suka bayar. Tunda su ba magada ba ne, ƙofar wasiyya a buɗe take gare su, kuma kakanni da yawa ba su san haka ba, suna mutuwa da zaton jikokin za su ɗauki kason ubansu.

Bari in yi miki misali da lissafi, ba don na san dukiyarsa ba. A ce bayan kuɗin jana'iza da biyan bashi an sami naira miliyan 27. Sulusinta miliyan 9 ne, shi ne iyakar abin da zai iya yin wasiyya da shi. A ce ya yi wa jikokin wasiyya da miliyan 3, saura 24. Matan biyu za su raba tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas, wato miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiyarsa tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, wato miliyan 4. Ragowar miliyan 17 ta 'ya'ya ce, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, ke nan kowace mace ta sami miliyan 1.7, kowane namiji miliyan 3.4. Kin ga miliyan 3 ɗin nan ba ta karya kowa ba, amma ga marayu biyu tana iya zama kuɗin makarantarsu. Mutane kuma suna yawan mantawa da kason tsohuwa, suna cewa ai ita me za ta yi da kuɗi. Haƙƙinta ne, in ta rasu ya wuce ga nata magadan.

Yadda za a rubuta ba shi da wahala. A samu lokacin da Alhaji yake cikin hayyacinsa sosai, ba ranar da aka dawo daga wankin ƙoda yana galabaice ba. A kira mutum biyu adilai waɗanda ba su da rabo a cikin abin, a karanta masa, ya ce su shaida, kowa ya sa hannu da kwanan wata. Shaidun nan ba ado ba ne, domin a wurin malaman Malikiyya takardar da aka tsinta da rubutun hannun mamaci, wadda bai sa an shaida ba kuma bai ce a zartar ba, ba a aiki da ita, tunda yana iya yiwuwa tunani kawai yake yi ya fasa. Ɗaukar bidiyo da waya yana ƙara ƙarfi, amma ba ya maye gurbin shaidu. Ya kuma ambaci wasiyyi, mutumin da zai tsaya a kan zartar da abin da kula da dukiyar ƙananan yara idan akwai. In za ku sa lauya, ku nemi wanda ya san fiƙihun gado, domin wasiyyar da aka tsara a kan dokar Ingila ta 1837 tana iya saɓa wa Shari'a. Kotun Ƙoli ta taɓa tabbatar da irin wannan wasiyya ta wani Musulmi a 1971, abin da ya sa daga baya wasu jihohi kamar Kwara suka sa wa dokarsu ta wasiyya iyaka game da wanda yake ƙarƙashin Shari'ar Musulunci. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa wasiyya da kyauta da waƙafi da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, saboda haka can maganarku za ta je in an yi saɓani har aka ɗaukaka ƙara.

Akwai kuma ɓangaren takardu, wanda ba na addini ba ne amma yana wahalar da iyali ƙwarai. Ku san bankunan da yake ajiya, har da na waya irin su OPay da Moniepoint, ku san inda takardun filaye da na shaguna suke, da yarjejeniyar haya. Sunan da mutum ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa ba ya mayar da wannan mutumin mai kuɗin, wanda za a tuntuɓa ne kawai, kuma banki zai nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu kafin ya saki komai. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take rajistar mutuwa. Ina kuma gargaɗi da kakkausar murya kan ɗabi'ar nan ta ɗaukar katin mamaci a kwashe kuɗi kafin banki ya ji labari. Daga lokacin da rai ya fita kuɗin ya zama na magada duka, kuma ko da niyyar kirki aka cire, wanda ya cire shi zai yi ta bayani har ƙarshen rayuwarsa.

To wa zai yi masa maganar? A ganina ba ke ba, kuma ba ɗaya daga cikin matansa ba, domin duk wanda yake da kaso a gadon maganarsa tana iya ɗaukar wata fassara, musamman a gidan da ke da ɗaki biyu. Ki nemi amininsa na kasuwa, ko limamin masallacin da yake salla, ko wani ƙaninsa da yake jin maganarsa, ki bayyana masa damuwarki, shi kuma ya shiga ta ƙofar bashi: Alhaji, mu da ke harkar amana, ya kamata kowa ya rubuta abin da ke tsakaninsa da mutane, ni ma na rubuta nawa. Sau da yawa za ki tarar maras lafiyan ya daɗe yana son ya yi maganar, yana jin nauyin tayar wa iyali hankali, kamar yadda su ma suke jin nauyinsa. Haka nan ku nemi likitansa ya gaya muku gaskiyar inda ciwon ya kai, a tambayi Alhaji kansa abin da yake so in jiki ya ƙara tsanani: a ci gaba da zama a asibiti ko a koma gida, wa zai yanke shawara in ba ya iya magana, ina yake son a binne shi. Neman a rage masa raɗaɗi da magani ba rashin tawakkali ba ne. In lokaci ya zo, a riƙa ambaton kalmar shahada kusa da shi a hankali, kamar yadda hadisin Muslim ya koyar, ba tare da an matsa masa da cewa sai ya maimaita ba.

Bayan rasuwa, in Allah Ya ƙaddara, kuɗin shirya gawa, kamar wanka da likkafani da kabari, su ne suke fita daga dukiyar kafin bashi. Abincin zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, malamai sun yi saɓani a kan asalinsu kuma ba zan shiga wannan ba, amma babu saɓani cewa ba a taɓa kason maraya ko na wanda bai yarda ba don a ciyar da masu ta'aziyya. Sunna ma akasin haka ta nuna: da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Iyayenku mata za su yi takaba wata 4 da kwana 10 kamar yadda aya ta 234 ta Baƙara ta faɗa, mai ciki kuwa har ta haihu, kuma in akwai ciki ana dakatar da rabo sai an haihu. Suna da haƙƙin zama a gidan da mijin ya mallaka har su gama, babu mai fitar da su don ana son a sayar. Abin da aka hana su shi ne ado da turare da kwana a wani gida da ɗaura aure. Riƙe wuƙa da ƙin yin wanka da hana su magana da mutane al'ada ce kawai, kuma mai takaba tana iya fita da rana don asibiti ko wata buƙata ta dole. Kada kuma a ja rabo shekara da shekaru da sunan kunya, domin idan wani magaji ya rasu kafin a raba, gado ya hau kan gado, lissafin da shaidun duka sai su rikice.

Game da ke kanki, Malama, mai jinyar uba na tsawon shekara ta riga ta fara makoki tun kafin mutuwa, kuma gajiya da kuka da ma jin haushi wani lokaci ba alamar raunin imani ba ne. Da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Mutanenmu suna cika gida kwana uku suna tambayar ya haƙuri, daga nan kowa ya watse, alhali zafin rashin yakan sauka ne bayan an naɗe tabarmi, ranar da aka ga takalminsa a bakin ƙofa ko azumi ya zo babu shi a wurin buɗa-baki. Ku 'yan'uwa ku riƙa leƙa iyayenku mata da kakarku a wannan lokacin, musamman tsohuwar, wadda za ta binne ɗan da ta haifa kuma alkunya ba za ta bar ta ta yi kuka a gaban mutane ba. Idan aka wuce wata shida wani a cikinku har yanzu ba ya barci, ba ya cin abinci, ya kasa komawa harkokinsa, ko yana maganar gara ya bi mamacin, a kai shi wurin likita tare da addu'ar da ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan doguwar damuwa cikin jerin cututtukan da ake magancewa, a tsarinta da ya fara aiki a 2022. Maganar son bin mamaci kuwa ba a jiran wata shida a kanta, ranar da aka ji ta ranar ake neman taimako.

A wannan makon, ki fara da neman mutumin da zai yi wa Alhaji magana, ki kuma sanar da babban wanku da uwargida da amarya a zama ɗaya cewa bashi da amana ake son a rubuta, domin kada wani ɓangare ya ji labari daga baya ya ɗauka an yi wani shiri a ɓoye. In Alhaji ya amince, a ajiye kwafi ɗaya wurin wasiyyin, ɗaya wurin ɗaya daga cikin shaidun, kuma a gaya masa yana da ikon sauya wasiyyarsa ko ya soke ta duk ranar da ya ga dama muddin yana raye.